Keken da Aka Cire wa Sarƙa

Har gobe da keke nake zuwa wurin aiki, wanda abin bai yi wa daɗi ba sai ya kau da kai in na zo wucewa. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci labarin tsohon da ya tuba zan bayar. Gidana yana tsohuwar unguwa ta wajen gulbi a nan Gummi, injin casar shinkafar da nake kula da shi kuwa yana can gaba da tasha, bakin hanyar da ta nufi Anka. Tsakanin nan da can akwai kasuwa, akwai tasha, akwai kwaltar da yanzu ta zama mallakin masu babur da masu tifa, mu sauran bayin Allah sai dai mu raɓa ta gefe kamar masu cin arziki. Kowace safiya ina ratsa su a kan baƙin kekena, wanda ya girmi yawancin masu yi mini hon. A kan sirdin nan gemuna ya yi fari, kuma ban ga dalilin da zai sa in sauka don wani yaro yana sauri ba.

Da muna yara, da kunne ake gane safiyar garin nan. Bayan kiran assalatu sai ka ji tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sai guga tana bugun bakin rijiya, sai luguden mata ya tashi daga wannan gida wancan ya amsa. Can kuma shanun maƙwabtanmu Fulani suna gangarawa mashaya, matansu na shigowa da ƙoren nono suna kiran masu saye da wata murya mai ja. Aikina a lokacin shi ne in kai wa Baba komar kamun kifi da gora bakin gulbi, in dawo in yanko wa akuyar Inna ciyawa, in shinkafa ta fara nuna kuma a tura ni fadama korar tsuntsaye har muryata ta dushe. A cikin duk wannan in aka ji ƙararrawar keke, unguwa gaba ɗaya ta san ko wane ne, don masu keke ba su da yawa, kuma kowanne da irin kaɗawarsa. Mukan bi su da gudu har mu gaji, sannan mu dawo mu tsuguna muna kallon zanen da taya ta bari a rairayi, muna hana juna takawa.

Baba masunci ne. Ba shi da sarauta, karatunsa bai wuce na salla ba, kuma duk wankan da zai yi ƙarnin kifi ba ya barin rigarsa. Wata safiya yana zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu yana ɗinkin komarsa da ta yage, ni ina riƙe masa bakin zaren, sai ga malamin gona ya ɓullo a kan keke. Mutum ne da ake ji da shi a lokacin, mai farar riga da agogon hannu, wanda ke zama da manyan gari. Na buɗe baki ina jiran ya wuce fuu in bi shi. Saura kaɗan ya iso inda muke sai ya ja birki, ya ɗaga ƙafa ya sauko, ya riƙo keken yana turawa. Ya gaida Baba, ya tambaye shi gulbi da iyali, ya wuce mu da ƙafa, bai sake hawa ba sai da ya yi ɗan nisa. Baba kuwa ya amsa masa ba tare da ya ajiye allura ba, kamar abin da aka saba. Ni ne abin ya girgiza. Na saki zaren na ruga cikin gida na gaya wa Inna cewa malamin gona ya sauka daga keke saboda Baba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Mi an na mamaki ciki? Ubanka ya girme shi. Ƙarhen nan ɗaga shi yay yi, bai ƙara mai shekaru ba.”

Na koma waje na dubi Baba, da tsohuwar rigarsa da ƙafafunsa masu faso, na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa jin irinsa ba. Tun ranar nake son keke. Sauran yara gudu suke sha'awa, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan saukowar, yadda mutum zai samu abin hawa kuma ya bar shi don wani. Na daɗe ina kwaikwayonta da karan dawa a bayan gida, in hau, in ja birki da baki, in sauko in gaida turmin Inna.

Na zama saurayi lokacin da aka kafa injin casa na farko a garin, aka ɗauke ni ɗaukar buhu da zuba shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga baya na koyi kula da injin kansa. Bayan 'yan shekaru na sayi keke. Ranar da na turo shi gida, kafin Baba ya ce Allah ya sa alheri sai da ya zaunar da ni ya gaya mini inda ba a wucewa a kan sirdi. Ƙofar malamin da ya biya maka Fatiha, da majalisar dattawa ko da mutum ɗaya ne ya rage a kan tabarmar, da bakin maƙabarta. Gidan surukai kuma, in Allah ya kai ka, tun daga nesa ake sauka, ba a kuma hawa sai an sha kwana. Sannan ya riƙe kan keken ya dube ni.

“In ka ishe an ɗauko mamaci, ko wane na, ko ba ka san shi ba, ka sauka. Ba a wuce mamaci bisa sirdi.”

Saboda haka tafiya aiki a zamaninmu rabi hawa ce rabi turi. Ka taka kaɗan ka sauka, ka gaisa, ka hau, ka sake sauka. Ba wanda ke yi maka faɗan makara, don mai injin ma haka yake zuwa. Kafin ka isa ka san wanda ya kwana da zazzaɓi, ka san gidan da aka haihu, ka san ko gulbi ya fara cikowa, wani tsoho ya ba ka saƙon magani wani ya ɗora maka kajinsa a kariyar bayan keken ka sauke masa a kasuwa. Lokacin da nake neman uwar 'ya'yana, nisan da nake sauka kafin ƙofar gidansu ya sa abokaina suka riƙa tsokanata cewa na sayi keke ne don in riƙa yi masa rakiya. Ita ma har yau in ta so ta ba ni haushi takan ce ba ta taɓa ganina a kan keke ba sai bayan an ɗaura aure, ta zaci ban iya ba.

Ban san ranar da abin ya juye ba, don ba a rana ɗaya ya juye ba. Aka shimfiɗa kwalta muka yi murna. Babura suka shigo ɗaya-ɗaya, sannan suka zubo gaba ɗaya, musamman da aka fara haƙar zinariya ta wajen Anka da Bukkuyum, yaron da jiya yake kiwon awaki yau ya dawo da sabon babur yana murɗa shi kamar zai tsinke. Daga baya daji ya ƙi zaunuwa, mutanen ƙauyuka irin su Nasarawa Burkullu suka kwararo cikin gari da 'yan komatsansu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ransa yake gudu da shi. Gari ya cika ya batse, hanya kuwa tana nan yadda take. Yanzu in na fito, ta dama ɗan kabu-kabu ne da buhunan shinkafa har sun rufe shi, ta hagu babur mai ƙafa uku ya tsaya ba sanarwa yana ɗaukar fasinja, a baya tifar yashi tana hura mini zafi a ƙeya. Ƙararrawata ni kaɗai nake jin ta. Gaisuwa ta koma hon, ko ɗaga yatsa, wani ma waya na manne a kunnensa zai wuce kawun uwarsa a zaune ya watsa masa ruwan kwata. In na sauka gaida wani dattijo, sai ka ji an ce tsoho ka koma gida ka huta, wani ya ce ka sayar da gwangwanin nan. Ba na tanka musu. Sau ɗaya dai na rama, lokacin da man fetur ya yi wuya suka yi dogon layi a gidan mai suna gumi. Na bi ta gefen layin a hankali tun daga farkonsa har ƙarshensa ina kaɗa ƙararrawa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Babban ɗana ma'aikacin jinya ne a asibiti, yana zaune da iyalinsa a sashe ɗaya na gidanmu. Ɗan fari ne, saboda haka ko sunansa ba na kira, uwarsa ma haka, kuma tun yana yaro magana tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. In yana da magana sai ya bi ta wajen uwarsa, ni ma ta nan nake mayar masa. Ta wannan hanya ya aiko cewa zai saya mini babur, na ce a gaya masa na gode. Ya sake aikowa cewa zai samo ɗan kabu-kabu mai hankali ya riƙa kai ni yana ɗauko ni. Na ce a tambaye shi ko ya taɓa ganin buhu ya ce wa mai babur tsaya in gaida wane, don wanda aka goya a baya buhu ne, sai inda aka sauke shi. Daga nan bai sake aikowa ba, na zaci maganar ta mutu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da safe, daidai inda hanya ke matsewa kusa da tasha saboda masu kasa kaya. Ina cikin tafiya a tsakiyar cunkoso sai na hango wasu mutane sun fito daga lungu ɗauke da makara. Ba su da yawa, kuma da ganinsu baƙi ne, irin waɗanda suka gudo suka fake a kangayen bayan tasha. Suna son su ƙetare titi zuwa maƙabarta, ba wanda ya ba su hanya. Babura har kutsawa suke yi tsakanin masu ɗauke da gawar da masu bin ta. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Hannuna ne ya ja birki, ƙafata ta ɗaga ta sauko kamar yadda ta saba tun ina saurayi. Ƙafar tana taɓa ƙasa na ji an make ni ta baya, na tafi na faɗi a kan hannun hagu, keken ya bi ta kaina, buhun shinkafa ya fashe a gefena. Ɗan kabu-kabun da ya buge ni yaro ne da bai kai ƙaramin ɗana ba. Ya taso yana ɗaga ni.

“Baba, wa ka tsayawa tsakiyar titi? Mi kag gani?”

Na nuna masa da hannun da ya rage. Na ce gawa ce. Ya waiwaya, sai a lokacin ya gan ta, ya dafe kai ya yi salati, ya rantse bai lura ba. Na yarda da shi, kuma wannan ya fi karayar yi mini ciwo, a ce makara ta gifta gaban mutum da rana tsaka idonsa bai ɗauke ta ba. Faɗuwata ce ta tsayar da titin. Motoci da babura suka yi cirko-cirko ana kallon tsohon da aka buge, a nan masu gawar suka samu sarari suka ƙetare. Ina kwance a kwalta na bi su da ido har suka shige, na yi wa mamacin addu'a, har yau ban san ko wane ne ba.

Wuyan hannu ne ya karye. Aka kai ni asibiti aka ɗaure, aka ce in zauna gida. Abokina mai faci na bakin kasuwa ya ɗauki keken ya miƙe masa ƙafar baya da ta lanƙwashe, ya dawo da shi ya jingine a zaure. Zaman nan ban taɓa shan wuya irinsa ba. Da safe ina ji gari yana fita ya bar ni, in zauna daga inuwa in koma inuwa, ba abin da nake yi sai korar kaji daga shanya da jiran a ce abinci ya sauka. Masu zuwa dubiya kowa da wa'azinsa, wai Allah ne ya nuna mini ishara in huta. Uwargida kuwa ta samu abin yi, kullum sai ta ce ashe dai gidan yana da mai shi, ita da ta zaci haya nake kwana. Ina jin ta ina kallon keken ta ƙofar zaure.

Da hannun ya warke aka kwance, na tashi da sassafe na sa rigar aiki, na fito da keken ƙofar gida. Na ɗora ƙafa a feda, sai ta zube ƙasa fayau ba nauyi. Na duba, babu sarƙa. An cire ta tsaf, har an goge wurin. Na koma ciki na tambayi uwargida, ta ce yaron ne ya cire, ya ce hawan ya isa haka. Na ce ina sarƙar. Ta ce ba ta sani ba, tana faɗa tana gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same shi. Shi kuwa ya riga ya sulale asibiti tun kafin in fito, don ya san ba zai iya tsayawa gabana ya faɗa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ce ni da na goya shi a kariyar keken nan zuwa makarantar allo, yau shi zai yanke mini inda zan je da inda ba zan je ba, kuma a ɓoye. Na tsaya a ƙofar gida har zuciyata ta ɗan lafa, sannan na kama kan keken na fara turawa.

Haka na ratsa gari da shi, ta kasuwa, ta tasha, a gefen kwalta, ina tafe yana tafe. Mai faci ya hango ni ya taso da gudu, ya duba ya ga abin da ya faru, ya ce in kawo ya sa mini wata yanzu-yanzu, yana da su a rataye. Na ce masa a'a, wanda ya cire ta shi zai mayar da ita. Duk wanda ya tare ni ya ce lafiya keke, sai in ce lafiya lau, yaron gidana ne ya cire masa sarƙa. Ban ƙara ko kalma ba, ban rage ba. Na isa injin rana ta ɗaga, jiƙe da gumi. Mai injin na yanzu, ɗan wanda ya ɗauke ni aiki, ya ce don Allah in bari ya riƙa aiko a ɗauko ni, na ce ya bar ni da abina. Washegari na sake turawa, jibi ma haka. Turin keke a cunkoso ya fi hawansa haɗari, don kai da shi kun tare wurin mutum biyu, kuma ba ka da saurin kaucewa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, uwargida tana gasa mini su da ruwan ɗumi tana faɗa, wai taurin kaina ko jaki ya sallama. Magana kuwa ta zaga gari. A masallaci dattawa suna tambayar yaron abin da ubansa ya yi masa, a asibiti ma masu jinya suna yi masa kallon wanda ya sa tsoho tafiyar ƙasa. Gaskiya ba kowa ne ya goyi bayana ba. Akwai aminina da ya same ni ya ce ina kunyata yaro a kan ya so ni da rai. Na ce na ji, gobe ma zan tura.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a zaure na miƙe ƙafafu, sai yaron ya yi sallama ya shigo da wani abu ƙunshe a tsumma. Ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna kafin ya yi magana, kuma ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba.

“Baba, duk wanda titin ga yak kayar, wurinmu aka kawo shi. Ni ka yanke rigar, ni ka wanke jinin. Ran da anka kawo ka, hularka nif fara gani hannun wani, ban san ko da rai kake ba. Hannuna ya ƙi riƙe almakashi. Ba ni iya sake ganin haka.”

Maganar ta shige ni. Na ji tausayinsa, don ban taɓa tunanin abin ta wajensa ba. Amma na san in na sassauta a nan, shi ke nan, zaure ya ci ni. Na ce masa na ji, kuma Allah ya yi masa albarka, sai dai zaman da na yi kwanakin baya na ɗanɗana shi, in ya maishe ni can ya kashe ni ne ba tare da jini ba. Can ya ce to abu ɗaya yake roƙo, in yi masa alkawari ba zan ƙara sauka a kan kwalta ba, in na ga dattijo ko gawa in wuce, in yi addu'ar a zuci, Allah yana ji.

Na ce, “Wanga kam ba ni yi ma alkawali nai. Haka nis same shi, haka za ni barin shi. In na wuce mamaci bisa sirdi don tsoron mai babur, to mi ya rage da za ka tsare?”

Ya kwance tsumman, ya tashi ya kifa keken a kan sirdinsa, ya fara ƙoƙarin mayar da sarƙar. Bai iya ba, hannun allura ne da shi, duk ya ɓata farar rigarsa da baƙin mai. Na bar shi ya sha fama, daga baya na ce masa ta baya ake fara ɗorawa. Ya ɗora, ya juya feda, ƙafar ta ɗauka. Ya miƙar da keken ya jingine, ya ce a tashi lafiya, ya shige. Na kwana da ganin na yi nasara.

Da safe na hau. Daɗin da na ji da iska ta bugi fuskata ba ya faɗuwa. Na bar unguwa na hau kwalta, na shirya wa abin da na saba, hon a kunne da zafin inji a ƙeya. Sai na ji bayana ya yi sarari. Babura suna zuwa su kauce tun daga nesa, su wuce ta can gefe. A bayana kuwa akwai wani babur ɗaya da ke tafiya a hankali, ba ya matsowa ba ya wucewa, kuma na san ƙarar injin nan, kullum a tsakar gidana ake tayar da shi. Ban waiwaya ba. Da na zo ƙofar wani tsohon malami da ke zama a dakalinsa bakin hanya, na ja birki na sauka kamar kullum. Babur ɗin ma ya tsaya a bayana, ya tare wurin. Nan take hon ya ɓarke, wani direba ya leƙo yana cewa kai mai farar riga in babur ɗin ya mutu ka ja shi gefe, wani ɗan kabu-kabu ya zage shi tas ya wuce. Zagin da na saba sha shi aka juye wa. Na gama gaisuwata a tsanake, na tura na ɗan wuce, na hau, ya biyo. Sai da na shiga ƙofar injin na ji ya juya, asibiti kuwa yana can ɗaya ƙarshen gari.

Tun daga ranar haka muke fita, ni a gaba shi a baya. Ban taɓa ce masa na gan shi ba, shi ma bai taɓa cewa yana bina ba. In mun haɗu a tsakar gida sai ina kwana, lafiya lau. Ana nan sai wata rana uwargida tana zuba mini koko ta ce ko na san yaron yana makara wurin aiki saboda ni, har an yi masa magana. Na ce wa ya aike shi, ya bari mana. Ta ce ba zai bari ba, ai na san ɗan wane ne. Na ce to ya riƙa tashi da wuri, ni ba zan ƙara sauri don kowa ba, kuma ba zan fasa gaisuwa ba. Na shanye kokona na fita.

Washegari ana sallame sallar asuba, gari na fara haske, na ce ta ba ni kokon yanzu. Ta tambayi lafiya, na ce na gaji da zafin rana ne, tafiyar sanyi ta fi. Ta dube ni ta gefen ido ta miƙo kwanon. Yanzu da wannan lokacin nake fita, kafin kasuwa ta farka, kuma ina fitowa nake jin ana tayar da babur a bayana. Tafiyata tana nan yadda take, in taka in sauka in gaisa in hau. Nakan iso injin ƙofa na kulle, ba kowa sai mai gadi. Sai in jingine keken, in zauna a dakali in kasa kunne, ina jin ƙarar baburinsa tana komawa cikin gari har ta ɓace, na san zai isa a kan lokaci.